Taɓa Hula

A 1987 gwamnati ta tuna da mu. Shekara uku ke nan da masaƙarmu ta Bompai ta sallame mu, mu ɗari huɗu, da takarda mai layi biyu. Rediyo ya ce za a koya wa marasa aiki sana'a, wata shida, a ƙarshe a ba mutum kayan aiki. Gurbi arba'in ne.

Ni na cike wa abokina Isyaku fom, bayan na cike nawa. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin saƙa, tsakanin injuna ɗari biyu, can ya baro kunnuwansa. Ni da wuri aka mayar da ni sito saboda na iya karatu, shi ya sa na tsira da nawa. Isyaku ba ya jin magana sai ya ga bakin mai yin ta. In ya gani kuwa, ko daga tsallaken titi ne, ba ta wuce shi.

"Wace sana'a zan rubuta?" na tambaye shi.

"Kafinta," ya ce da ƙarfi, yadda duk 'yan ɗakin saƙa ke magana. "Katako ba ya ihu."

Matarsa Hajjo ta ajiye mana kwano. Tun rasuwar matata Mairama a gidansu nake cin abinci. "Malam, ku rubuta da kyau," ta ce. "In bai samu ba ƙauye za mu koma, ni kuwa na manta surfe."

"Ƙyuya dai," in ji Isyaku, da yake ya ga bakinta.

A wata firamare a Hotoro aka yi ganawar. Fom ɗin ya nemi mai cikakkiyar lafiya, don haka na ja masa kunne, abin da ya rage daga ciki, kada ya bari a gane. Ya shiga ajin, ni na tsaya a taga inda zai hango ni.

Jami'in saurayi ne mai tsabta, ba mugu ba. Sai dai a takarda aka koya masa mutane, a takarda yake neman su. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, ka taɓa riƙe zarto?"

Isyaku na kallon tsakiyar kan jami'in, yana jira.

A ɗakin saƙa da hannu muke magana. Yatsa biyu, zare ya tsinke. Tafi a kunne, lokacin sallah. Taɓa hula, shugaba. Na ga jami'in zai ɗago, ina so in ce wa Isyaku ya dubi mutumin da kyau, yanzu zai maimaita. Alamar shugaba ɗaya ce muke da ita. Na taɓa hulata.

Na manta sauran ma'anarta: shugaba na tafe, sunkuyar da kai, kada ku haɗa ido. Isyaku bai manta ba. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a cinya.

Jami'in ya ɗago. Sau uku ya yi tambayar, fuskarsa a fili, har yana ɗaga murya. Na yi ta kaɗa hannu a taga kamar mai korar kaji. Isyaku na kallon siminti cikin ladabi. Jami'in ya rubuta wani abu gajere, ya kira na gaba.

Da aka liƙa sunaye, nawa na ciki, na Isyaku babu. Gyaran rediyo aka ba ni.

Bayan sati biyu na raka su tasha. Hajjo ta shiga mota da turminta. Isyaku ya riƙe hannuna.

"Mutumin nan ko tambaya ɗaya bai yi mini ba," ya ce, duk tashar na ji. "Dama sun riga sun zaɓi nasu. Amma na gode da ka taɓa hula. Da na zura masa ido kamar mara kunya."

Yana kallon bakina. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Na jira sai da ya juya baya zai hau, sannan na faɗa masa abin da ya faru, dalla-dalla, ban rage komai ba.