Ƙofar Gidanmu a Jikin Jirgi

Ni dai tun farko na gaya wa Yaya Hilal ba na cikin wannan shiri. Amma da yake shi ne babba, kuma motata ce mai faɗin da Umma za ta iya miƙe ƙafa, ranar Asabar da hantsi sai ga ni a ƙofar gidansa ina jiran a fito da ita.

Wata takwas ke nan da Umma ta zame a matakalar ƙauyenmu ta karya ƙugu. Ƙauyen a kan dutse yake, mota ba ta kaiwa. Daga inda ake ajiye mota zuwa gidanmu matakala ɗari uku da wani abu ce, duk dutse. Likita a Maskat, babban birninmu, ya kira ni da Yaya gefe ya ce ta gama hawa wannan matakalar har abada. Muka ce to, muka fito, muka rasa wanda zai gaya mata. Tun daga nan take zaune a gidan Yaya a cikin gari, kullum maganarta ɗaya, da an fara yankan dabino za ta koma gida. Mu ce in sha Allahu, mu kau da kai.

Ana cikin haka Yaya ya yi abin da ya yi, wato ya je ƙauye ya cire ƙofar gidan ya bayar.

Ƙofar gidanmu ƙofar jirgin sama ce. Kafin a haife mu wani ƙaramin jirgi na masu neman mai ya sauka a filin tsakuwa da ke ƙarƙashin ƙauyen, ƙafarsa ta karye. Ba wanda ya mutu. Masu shi suka kwance injin suka tafi, suka bar gangar jikin a rana. Mutanenmu kuwa ba sa ganin ƙarfe a yashe su wuce. Wani ya yi faranti, wani ya yi kwamin shayar da awaki. Babanmu Halfan, da yake lokacin yana shirin aure kuma katako ya fi ƙarfinsa, ya kwance ƙofar ya goya ta a baya ya hau da ita. Akwai taga a jikinta, shi kuma bai so mai wucewa ya riƙa leƙa masa amarya, sai ya juya ta ya kafa, tagar ta koma ƙasa. Haka muka taso muna gane baƙo da ƙafarsa kafin ya yi sallama.

Daga baya aka kwashe gangar jirgin aka kai wani ɗan gidan tarihi da ke tsohon filin jirgi a bayan gari. Yaya malamin makaranta ne, ya kai ɗalibansa, ya ga jirgi da falanki a madadin ƙofa, bakinsa ya kasa shiru. Kafin wata ya zagayo ƙofarmu ta koma jikin jirgi. Dabararsa ita ce mu kai Umma ta gani da idonta, wai in ta ga yadda aka girmama abin, sauran maganar za ta zo da sauƙi. Na ce masa wannan ba dabara ba ce, tsoro ne ya sa masa rawani. Ya ce to in ina da jarumta in gaya mata ni. Ni ma kuwa tsoron nake ji.

Aka fito da Umma tana dogara sandarta mai ƙafa huɗu. Keken guragun da aka saya mata ba ta taɓa yarda ta hau ba. Asila matar Yaya ta shiga baya da 'yan matanta biyu, Yaya ya biyo mu a tasa motar.

"Wai ina za ku kai ni da ranar nan?" in ji Umma.

"Kallon jirage, Umma."

"Jirage. Ni da na ga wanda ya faɗo, me zan kalla a wanda aka ajiye?"

'Yan matan suka yi dariya. Ni ban yi ba, na dai ƙara sanyin mota.

Gidan tarihin wata doguwar rumfar kwano ce, tsohon ma'ajin jirage, da fanka uku a sama suna juyi a hankali. Ban da mu ba kowa sai mai kula da wurin, wani dattijo siriri, Malam Darwish, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran injin jirgi kafin ya yi ritaya. Ya taho da sauri yana gyara hula, ya gaida Umma har da rusunawa. Ya san ko wace ce, kuma Yaya ya roƙe shi kada ya ce komai sai ta gani da kanta.

Ya fara zagayawa da mu. Ga akwatin gilashi da hulunan matuƙa, ga tsohuwar rediyo mai girman firji, ga hotunan da rana ta cinye. Ya nuna mana wani babban sikeli, ya ce a da sai an auna kowane fasinja da kayansa kafin ya shiga jirgi. 'Yan matan suka hau, suka sauka, suka ce sai uwarsu ta hau. Asila ta ce wallahi ko Makka jirgin za shi gara ta tafi a ƙasa. Umma ta yi dariya har tana riƙe ƙugu, rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti. Sai na ji haushin Yaya ya ƙaru, don na san abin da ke jiranta a ƙarshen rumfar.

Jirage uku ne a wurin. Biyun farko Umma ta wuce su kamar ta wuce motocin haya. Na ukun yana can ƙurya, fari, an sa masa sabuwar ƙafa, an goge shi yana sheƙi. A gefensa kuwa ga ƙofa shuɗiya, shuɗin fentin da Baba yake shafa mata duk shekara kafin Babbar Sallah. Ga lotsawar da jakin maƙwabta ya yi mata. Ga mariƙin kwaɗo da maƙerin ƙauye ya dasa. Malam Darwish bai taɓa komai ba.

Umma ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, fankokin nan suna ta juyi. Yaya ya sa hannu a aljihu ya fitar, ya sake sawa.

"Sun kafa ta a kife," in ji ta.

Malam Darwish ya ɗan yi gyaran murya. "Inna, ai haka take a jikin jirgi. Tagar a sama take, don fasinja ya ga waje."

"Ɗana, shekara nawa ta yi a jikin jirgin naku?"

"Bisa takardun da muke da su, kamar tara."

"Ta yi hamsin da biyu a jikin gidana. A kife kuka kafa ta."

"Haka ne, Inna," in ji shi. Mutumin yana da hankali, na ji ya burge ni.

Ta matsa kusa, ta sa tafin hannu a kan lotsawar nan. Ba ta juyo ba ta ce, "Hilal."

"Na'am, Umma."

"Da me ka rufe mini gida?"

"Ƙofar ƙarfe na sa aka yi, Umma. Mai kyau, mai kauri. Ko akuya ba ta..."

"Wa ya hau da ita?"

"Leburori na ɗauka. Su huɗu."

"Su huɗu," in ji Umma. "Ubanka shi kaɗai ya hau da wannan, kuma azumi yake yi."

Yaya ya buɗe baki zai fara jawabin da ya kwana uku yana shiryawa, na tarihi da jikoki da amanar ƙasa. Na harare shi, ya haɗiye. Asila ta ja 'yan matan suka koma wajen sikeli.

"Buɗe mini," Umma ta ce wa Malam Darwish. "Ban taɓa ganin inda take kaiwa ba."

Ya murɗa hannun ƙofar, ta ƙi. Ya ce tun da aka kafa ta haka take yi masa gardama, sai ya sa mata mai. Umma ta ce ba mai take so ba, ya ɗaga ta sama kaɗan sannan ya ja. Ya ɗaga, ta ƙi. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Af, kun juya ta. Danna ƙasa." Ya danna, ƙofa ta buɗe da irin kukan da na sani tun ina rarrafe.

Akwai ɗan tsani na ƙarfe da aka jingina, mai hawa uku. Yaya ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta buge hannun. Ta jingine sandarta, ta kama ƙarfen gefe, ta ɗora ƙafar dama a kan na farko. Ta yunƙura. Ƙafar hagu ta ɗaga kamar tsawon ɗan yatsa ta koma. Ta huta, ta sake yunƙurawa, gumi ya tsattsafo mata a goshi. A karo na uku ma ƙafar ta ƙi hawa. Sai ta sauke ƙafar daman a hankali, ta tsaya tana kallon tsanin nan, leɓenta yana motsi. Na san lissafi take yi, uku da ɗari uku. Abin da muka yi wata takwas muna ɓoyewa, ɗan tsanin nan ya gaya mata cikin minti biyu, kuma ya fi mu iya faɗa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Hilal, zo ka ɗauke ni," in ji ta.

Ya tuɓe takalmi, ban san dalili ba, ya ɗauke ta cak kamar jaririya ya shiga da ita. Kujera huɗu ce a ciki. Ya zaunar da ita a wadda ke kusa da ƙofa, ya gyara mata mayafi.

"Fita. Ku rufe."

"Umma, akwai zafi a ciki."

"Na ce ku rufe."

Malam Darwish ya rufe. Muka tsaya a waje mu uku kamar masu rakiya. Ta cikin tagar nake ganin fuskarta, tagar da ban taɓa ganin komai a cikinta ba sai ƙafafu da kaji. Ba kuka take yi ba. Ta sa hannu tana shafa cikin ƙofar, wajen da hayaƙin turaren lubban ɗinta ya baƙanta, wajen ƙusar da take rataye jakar busasshen lemun tsami, wadda yanzu ta koma ƙasa kusa da gwiwarta. Yaya ne ya yi kukan. Ya juya baya yana karanta wani allo na bayanin injin, kafaɗarsa tana rawa. Na so in ce masa Allah ya ƙara, sai na ga ba zan iya ba, na je na tsaya kusa da shi muna karanta allon tare.

Ta yi kamar minti goma sannan ta ƙwanƙwasa. Yaya ya sauko da ita. Malam Darwish ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin fiffiken jirgin, ya kawo gahawa da dabino, ya kawo wa Umma kujera. Ta ɗauki dabino ɗaya ta duba, ta ce na bara ne, kuma ba a shanya shi da kyau ba, amma ta ci uku. Ta gaya masa kada ya kuskura ya kankare shuɗin, in ya koɗe ya sake shafawa kafin Babbar Sallah. Ya ce ya ɗauki alkawari. Ya tambaye ta sunan da zai rubuta a allo, ta ce ya rubuta Halfan ɗan Sulayyim, shi ya yi dako.

Da za mu tafi Asila da 'yan matan suka shiga motar Yaya, aka bar ni da Umma. Na tayar da mota muka hau titi. Duwatsunmu suna can gefen dama, rana ta sa sun yi fari. Ba ta kalle su ba.

"Shamsa."

"Na'am, Umma."

"Ke ma kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun asibiti."

Ta gyaɗa kai. "Shi dai na san shi, tun yana yaro in ya fasa tulu sai ya share tsakar gida. Ke ce ban zata ba."

Na ci gaba da tuƙi. Muka wuce gidan mai, muka wuce shataletale.

"Tsaya a gefe ki kira mini Nasra."

Nasra maƙwabciyarmu ce a ƙauye. A wajenmu ruwan magudanar da ke shayar da gonaki rabo ne, kowane gida da ranarsa da sa'arsa, kuma na Umma Laraba ne bayan la'asar. Ta gaje shi daga uwarta. Ko ranar da ta haife ni, an ce sai da ta tashi ta tabbatar an juya ruwan zuwa gindin dabinonta. Tun da ta kwanta, duk Laraba sai ta sa an kira Nasra a ce mijin Nasra ya buɗe wa dabinon Umma ruwan, ya kuma tuna cewa riƙo ne kawai kafin ta dawo.

Na tsaya, na kira, Nasra ta ɗauka tana ta murna. Na miƙa wa Umma wayar, ta girgiza kai.

"Ke gaya mata. Ki ce ruwan Laraba da bishiyoyin dabinon nan sha ɗaya, ta riƙe."

Na rufe bakin wayar da hannu. "Har zuwa yaushe zan ce mata, Umma?"

Ta gyara zaman ƙugunta, ta kalli titi.

"Ki ce mata ba aro ba ne."