Bakin Auta

Me Auta za ta faɗa wa baƙi wanda yayanta bai riga ya sani ba? Har yau ba a sami mai amsa wannan ba, kuma a safiyar nan shi kansa yayan, Kafinta, bai ɗauka abin tambaya ba ne. Yana tsaye a bakin ƙofar ofishin, ya tokare ta da ƙafa, fensir a bayan kunne, garin katako a gashin hannunsa.

"Malama, ba gardama nake yi ba," ya ce wa jami'ar binciken. "Yarinyar nan kurma ce. Ni ne bakinta. In kin bar ni a waje, da wa za ki yi magana?"

"Muna da tafinta, Baba." Ta nuna wata siririyar mata da ke zaune a ciki. "Ƙa'idar aikin ce. Kowace mace ita kaɗai take shiga."

Yarinyar da yake faɗa ta haura arba'in. Tana tsaye a gefensa da jakarta a hammata, tana bin leɓunansu da ido. Gwamnati ce ta ware kuɗi a binciki abin da mata masu naƙasa ke buƙata, aka yi ta sanarwa a rediyo, inda kurma ba za ta taɓa ji ba. Shi ya ji a shago yana goge ƙafar kujera. Bai ma tsaya dogon tunani ba, domin ya san buƙatar Auta. Shi ke haɗa kujeru, ita ke ɗinka musu riga, kuma kekenta ya tsufa, ba ya cin leda mai kauri. Babban keken ɗinki take buƙata. Da wannan amsar ya fito daga gida.

Mata sun cika barandar suna jiran layi. Wata dattijuwa a keken guragu ta ɗaga kai ta dube shi.

"Bawan Allah, kai wace naƙasa ce ke damunka? Ko kai ma mace ce ba mu sani ba?"

"Tawa ba ta ganuwa, Inna."

"Tana ganuwa mana. Ga ta nan ta tare mana ƙofa."

Aka kwashe da dariya. Kafinta bai janye ƙafarsa ba. Jami'ar ta dubi layin, ta dubi Auta, ta yi ajiyar zuciya.

"Shigo. Amma ka zauna a can gefe, kuma tafinta ce za ta fassara."

Ɗakin ƙarami ne: tebur, fanka mai ƙara, kujeru na roba waɗanda Kafinta ya raina da kallo ɗaya. Ya zauna kusa da taga ya ɗora hannuwa a gwiwa. A zuciyarsa yana jiran lokacin da tafintar za ta kasa, a juyo gare shi. Maganarsu da Auta ba a makaranta aka koye ta ba. A tsakar gida ta tsiro, tun suna yara, alama bayan alama, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu babu mai jin ta sai shi.

Tafinta ta ɗaga hannu ta yi wasu alamu. Auta ta mayar mata nan take, yatsunta na gudu kamar allurar keke. Kafinta ya miƙa wuya. Ya gane ɗaya, uku suka wuce shi. Ya san tana zuwa wurin ƙawayenta kurame ranar da ba su buɗe shago ba, amma ya ɗauka zama kawai suke yi suna kallon juna. Ashe wani yare ne guda ta tara a can, bai taɓa ganin ta fito da shi a gida ba.

"Tambaye ta," in ji jami'ar, "wace wahala take sha a wurin sana'a?"

"Keke ne," Kafinta ya ce. "Kekenta..."

"Baba."

Jami'ar ce ta katse shi. Auta ta amsa, fuskarta na aiki tare da hannuwanta, tafinta na bi da murya ba tare da ta rage komai ba.

"Ta ce mai sayar musu da soso ɓarawo ne. Yana cusa tsoho a tsakiyar sabo. Ta ce duk ranar da ta zage shi, sai Yaya ya juya ya ce masa tana godiya."

Jami'ar ta rufe baki da biro. Kafinta ya gyara zama.

"Ai ba a faɗa wa mutum haka a fuskarsa. Shi ke ba mu kaya."

Tafinta ta mayar wa Auta abin da ya ce. Auta ta juyo ta dube shi da murmushi, ta amsa.

"Ta ce ta sani. Ta ce ita kurma ce, ba makauniya ba. Kana zagin mutum yana washe baki yana cewa ba komai, ai ka san an tare zagin a hanya."

"Tun yaushe ta sani?"

"Ta ce tun ranar da ta ce wa matarka miyarta ta yi gishiri, matar ta ƙara mata."

Wannan karon har shi ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya zauna yana juya abin a ransa. Bai taɓa kiran abin da yake yi ƙarya ba. Kafinta ba ya miƙa wa mutum katako da kaifinsa, sai ya goge. Haka ya ɗauki maganar Auta: tana fitowa da ƙaya, shi yana gogewa, a zauna lafiya da maƙwabta. To amma in an goge magana har ta koma wata, ta wa ce? Ita kuma da ta gani ta bar shi shekara da shekaru, haƙuri ta yi, ko kuwa ba ta da wani bakin ne?

Tambayoyi suka ci gaba. Shiga mota, da yadda kwandasta ke wucewa da ita tasharta. Masu ƙwanƙwasa ƙofa su tafi su ce ba kowa. Auta na amsawa da zafinta, tana kwaikwayon kwandastan har da tafiyarsa. Maganar keke ba ta fito ba ko sau ɗaya.

"Asibiti fa? In ba ta da lafiya, yaya take yi wa likita bayani?"

Tafinta ta fassara. Hannuwan Auta suka tashi, suka tsaya a iska. Ta saci kallon gefen taga. Sai ta sauke su a cinya, ta ɗaga babban yatsa guda.

"Ta ce lafiya lau," in ji tafinta, a hankali.

Jami'ar ba ta rubuta ba. Ba wanda ya dube shi, kuma rashin duban ya fi masa nauyi.

Ya tuna zuwansu asibiti na ƙarshe. Auta ta dafa ƙasan cibiyarta, shi ya ce wa likita ciwon ciki. Likita, yana rubutu, ya tambaya yaya al'adarta take. Kafinta ya kafe idonsa a kan kalandar bango ya ce lafiya lau. Bai juya ya tambaye ta ba. Ko da ya juya, da wane hannu zai tambaya? Alamun waɗannan abubuwa tsakaninta da mahaifiyarsu suke, a bayan labule, kuma tsohuwar ta tafi da su. Aka ba su maganin gyambon ciki. Kwalbar na nan a kan kantar shago, ƙura ta rufe ta. Kuma kwanan nan ya lura ta daina kama masa doguwar kujera in za a ɗora a mota, tana zama a kan guntun soso ninki biyu, leɓunanta sun yi fari. Ya ce gajiya ce. Shi ya faɗa, shi ya yarda.

Fanka na ta ƙara. Auta na kallon yatsunta.

Kafinta ya miƙe, kujerar roba ta yi kuka a kan siminti.

"Malama, ɗakin nan naku da zafi. Bari in sha iska."

"To, Baba."

Auta ta ɗago. Ya yi mata alamarsu ta gida: ina waje. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gyaɗa kai. Ya fita ya jawo ƙofar da kansa, har sai da ya ji ta kama.

An matsa masa wuri a bencin da ke fuskantar ofishin, ya zauna. Sai a lokacin ya ga ƙofar tana da gilashi a sama, kuma daga inda yake yana hango Auta sarai. Ta jawo kujerarta kusa da tafinta. Hannuwanta sun tashi, suna zuba ba tsayawa, kamar an buɗe famfon da ya daɗe a toshe. Yawancin alamun ba nasa ba ne. Amma a tsakiyarsu ya ga guda da ya sani, wadda suke yi a shago in zarto ya kama yatsa: jini. Ta yi ta, ta sake yi, ta buɗe tafukanta ta nuna yawa.

Wuyansa ya miƙe da kansa, yana neman ta gaba. Da ya ƙara kallo kaɗan, wataƙila da ya haɗa sauran.

Ya tashi ya ɗauki wata kujera da ke jingine, ya kai ta ƙarshen barandar, ya juya ta. Ya zauna yana fuskantar bango, bayansa ga ƙofar, yana jira a kira shi.