Kwalaben Gamaliel

Gamaliel mai haƙa rijiya ne a Yara, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha ba matarsa Febi haushi. Duk rijiyar da ya haƙa, in launin ƙasa ya canza sai ya ɗebo kaɗan ya zuba a tsohuwar kwalbar magani. Ya dawo gida kaca-kaca da laka, ko wanka bai yi ba, sai ya kira 'yarsu Lea.

"Zo ki gani, uwata. Ta Tudun Ƙofa ce wannan. Gaba huɗu ja, sai ta koma fara. Wa ya jera ta haka?"

"To ku ci ƙasar," in ji Febi, "tuwo dai ya huce."

A watan Yuli rijiya ta rufta da shi a Angwan Iya. Yini guda ana tono kafin a fito da gawarsa.

Tun ranar jana'iza Lea ba ta sake magana ba, yarinyar da ke hana mutum sakat da tambaya. Fasto ya yi addu'a. Likita ya ce lafiyarta lau, a ba ta lokaci. Har wata uku shiru. Febi ta fara tsoron ba za ta ƙara jin muryar 'yarta ba.

Wata Asabar da hantsi, ana ruwa, Febi tana shara ta ci karo da kwalaben a ƙarƙashin gado. Ranta ya ɓaci. Ƙasar da ta cinye mata miji, ashe a kanta take kwana! Ta kwashe su a kwando ta fita, tana buɗewa tana juyewa a bakin rariya. Ja, fara, baƙa, ruwa yana tafiya da su.

Lea ta fito ta tsuguna, ta sa yatsa cikin wata ƙasa toka-toka.

"Mama," muryar a dashe, "me ya sa wannan take ƙyalli?"

Febi ta tsaya da kwalba a hannu. Ko unguwar da ƙasar ta fito ba ta sani ba. Gamaliel bai taɓa rubutawa ba, a ka yake riƙe su.

"Ban sani ba."

Lea ta tare rariya da tafin hannu, amma ruwa ya riga ya wanke. Febi ta leƙa kwando. Saura uku. Ta zauna a cikin ruwan, ta miƙa wa yarinyar ɗaya.

"Buɗe a hankali. Ki faɗa mini abin da kika gani."