Ƙafar Souley a Kan Birki

"Taka," in ji Tamimu daga ƙarƙashin mota. "Ƙara takawa. To, riƙe."

Ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, man birki ya biyo siririn tiyo ya gangara cikin kwalba, da 'yan kumfa a cikinsa. Ya mayar ya ɗaure. Fitar da iska daga birki aiki ne da mutum ɗaya ba ya iyawa. Wani zai zauna a kujerar direba yana takawa, wani ya kwanta a ƙasa yana buɗewa yana rufewa, kuma babu mai ganin fuskar ɗan'uwansa. Wannan Asabar ɗin Souley ne a sama, don motarsa ce, kuma tun safe yake ƙorafin ƙirjinsa ya yi nauyi, ba zai iya kwanciya a kan siminti ba.

"Yaya ka ji shi?"

"Har yanzu da laushi," in ji Souley.

Motar tsohuwar Fijo ce fara, irin wadda a duk unguwarsu ta Jamaica a New York babu mai yi mata kallo na biyu. Amma a wurin Souley babu mota bayanta, don irinta ya yi shekaru yana tuƙawa tsakanin Damagaram da Kano kafin ya zo New York ya kama sayar da agogo da tabarau a bakin titi. Shi da matarsa Aïchatou ne a ƙasan gidan, Tamimu da iyalinsa a sama, sai ɗan filin da ke baya ya zama garejinsu. Duk Asabar, in Tamimu ba ya aikin lodin kaya a filin jirgi, can za ka same su su uku har da Saani, mutumin Kumasi, suna gardama. Bara sun cinye bazara guda a kan kuloci, rabin lokacin kuwa a kan sunansa ya tafi, don Souley ya kafe shi ambirayaj ya sani. Yau Saani ya fita sayo ƙarin man birki, ya bar su su biyu.

Tamimu ya sake cewa a taka a riƙe. Daidai nan wani jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa zai sauka, ƙararsa ta cika ko'ina har kwalbar tana rawa. Sun saba, in jirgi ya zo sai kowa ya yi shiru ya jira. Da ya wuce, Tamimu ya buɗe notin ya rufe, ya ce a saki. Ya ce a sake takawa. Ya buɗe, ko ɗigo bai fito ba.

Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, shi ya sa Tamimu, da yake Bakano ne, bai ji nauyin bakinsa ba. Ya kira Souley rago, ya kira shi bawan Kanawa, ya ce tuwon dare ne bai sake shi ba har ya kama gyangyaɗi a bakin aiki. Ya yi ta zuba yana dariya shi kaɗai, yana jiran a rama. Da shirun ya yi yawa ya ja jiki ya fito, hannunsa duk mai.

Souley na zaune yadda yake, hannu ɗaya a kan sitiyari, kansa ya ɗan karkata wajen taga, hularsa ko gocewa ba ta yi ba. Ƙafarsa tana kan birki, ta danne shi har ƙasa.

Abin da ya biyo baya Tamimu bai iya jera shi daidai ba har yau. Ya san ya girgiza shi. Ya san ya karanta masa kalmar shahada a kunne, amma bayan me? Ya san Saani ya shigo da gwangwanin mai a hannu ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya ruga ya kira motar asibiti. Wani ɗan sanda ya riƙa tambayarsa tun yaushe mutumin ya daina magana, Turancin Tamimu ya gudu ya bar shi, ya yi ta nuna sama yana cewa jirgi, jirgi. A asibiti aka ce zuciya ce, kuma ba ta ba shi lokaci ba.

A masallaci, bayan an dawo daga maƙabarta, liman ya kama hannun Tamimu ya yi masa tambayar da dole wani ya yi. Ya ce tunda shi Allah ya nufa yana kusa, ko marigayi ya samu cikawa da kalmar shahada? Tamimu ya buɗe baki, kuka ya toshe shi, ya sunkuyar da kai. Liman ya ce Allahu akbar. Saani ya ce Allahu akbar. Kafin ya ɗago, magana ta riga ta zagaye sahu.

Daga nan labari ya yi ƙafa. A unguwar Harlem, wurin abokan sana'ar Souley, aka ce ya faɗi shahadar da ƙarfi. Da labarin ya tsallaka unguwar Park Hill ya dawo, an ƙara masa cewa ya ɗaga manuniya yana murmushi. Saani, wanda yana kantin kayan mota lokacin, ya fi kowa iya ba da shi, har da sauke murya a inda ya kamata. Mutane suka riƙa yi wa Tamimu barka a cikin ta'aziyya, wai Allah ya nuna masa kyakkyawan ƙarshe da idonsa. Shi kuwa ba ƙarya ya yi ba, kuma ba gaskiya ya faɗa ba, ya rasa sunan abin da ya yi.

Abin da ya fi cinsa shi ne bai sani ba. Ta yiwu Souley ya faɗa a lokacin da jirgin ke wucewa. Ta yiwu ya kira sunansa, ya nemi a taimake shi, shi kuwa yana kwance ƙasa da taku biyu yana kallon kumfa. Ta yiwu kuma yana da sauran rai lokacin da ake ce masa rago, a ce wannan ce kalmar ƙarshe da ta shiga kunnensa. Tamimu ya daina cin abincin kirki. In jirgi ya wuce sai ya tsinci kansa yana kasa kunne, kamar akwai abin da zai tsinta a cikin ƙarar.

Bayan sadakar bakwai matarsa ta hau sama da saƙo daga Aïchatou. Wani ɗan Damagaram zai koma gida, za a ba shi kaset ya kai wa mahaifiyar Souley, wadda tsufa ya ci idonta kuma ba ta yarda da waya ba. Tsohuwa ta aiko cewa ba ta son ji daga bakin kowa sai wanda ɗanta ya cika a gabansa. Tamimu ya ce to. Ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga, sannan ya sa hula ya sauka.

Aïchatou na zaune a tabarma a falo, ta lulluɓe da mayafin takaba, rikoda a gabanta da sabon kaset a ciki. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama, suka gaisa, ya ƙara yi mata gaisuwar rashi. Ta miƙa hannu za ta danna.

"Hajiya, dakata," in ji shi. "Ban ji ba."

"Ba ka ji mi ba, Malam Tamimu?"

"Shahadar. Ina ƙarƙashin mota. Jirgi ya wuce. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, wallahi ban sani ba. Ni ban taɓa cewa ya faɗa ba, kuma ban ce a'a ba."

Ta janye hannunta a hankali. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta kore shi, da ya fi son hakan. Sai ta tambaye shi abin da kunnensa ya ji na ƙarshe, ta ce kada ya gyara mata ko harafi. Ya gaya mata maganar laushin birki. Ya gaya mata har da abin da shi ya riƙa faɗa daga baya, bai rage ba.

Ta ce tun ranar farko zuciyarta ba ta kwanta da labarin ba, don Souley bai taɓa yin abu da ƙarfi a gaban mutane ba, ko addu'a a ciki yake yinta. Ta ce kwanakin nan duk ana ba ta labarin wani waliyyi, ita kuwa mijinta take nema a ciki ta rasa. Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi.

"To Inna fa?" in ji Tamimu. "Me zan ce mata?"

"Abin da ka gani. Ka ce yana zamne cikin motar da yake so, aboki nai na kusa. Saura Allah ya ji, ko jirgi nawa suka wuce."

"Ba zai ishe ta ba."

"Ni ma bai ishe ni ba," in ji ta, ta danna rikoda.

Ya yi magana, bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya gaida tsohuwa, ya faɗi sunansa da na garinsu, ya faɗi abin da ya gani da abin da bai ji ba, ya nemi ta yafe masa. Ko hakan daidai ne ko zalunci ne ga makauniyar tsohuwa, bai sani ba a lokacin, kuma bai sani ba bayan kaset ɗin ya tsaya.

Da ya tashi zai tafi ta ce ya raka ta baya, tun rasuwar ba ta leƙa wurin ba. La'asar ta yi sanyi. Motar na nan a kan jak, taya ɗaya a jingine da bango, ganyen bishiyar maƙwabta ya taru a kan gilashinta. Ya buɗe mata ƙofar direba ya koma gefe. Ta tattara mayafinta ta shiga ta zauna, ta dafa sitiyari, ta miƙa ƙafa tana laluben birki. Kujerar tana can baya inda mai ita ya bar ta, ƙafarta ba ta kai ba.

Tamimu ya sunkuya zai jawo mata kujerar gaba.

"Bar ta yadda take," in ji Aïchatou.

Ya janye hannunsa. Ta ci gaba da zama tana kallon bangon da ke gabanta, silifas ɗinta yana lilo kaɗan a saman tabarmar mota.