Murhun Surame

Hodi manomin shinkafa ne daga Zauro, kuma irin mutanen nan ne da ba sa tambaya sau biyu. A bazarar 1984 ya jagoranci mutum goma sha biyu na garinsu zuwa kufan Surame, inda wani mai binciken kayan tarihi, Malam Abdussamadu daga Sakkwato, ya ɗauke su aiki.

Ranar farko malamin ya nuna masa tushen wani tsohon ɗaki ya ce a share, ya wuce Argungu ɗauko ruwa. Shara wajen manomi kuwa ai guda ce. Kafin azahar Hodi ya sa an tsince kowane dutse an tara a gefe, ɗaki ya yi fes kamar za a zuba iri.

Malamin na dawowa ya dafe kai.

"Mi kunka yi haka? Ciyawa nac ce ku cire! Inda kowane dutse yake, shi na karatun duka. Ku kwashe kayanku ku koma gida."

Hodi ya dubi mutanensa. Shi ya bi mutanen nan gida gida ya ɗauko su, in suka koma a kore ran farko, ba ya ƙara buɗe baki a Zauro. Amma bai nuna damuwa ba.

"Malam, ba ni zuwa la'asar. Dutsen da yad daɗe kwance ba ya ɓoye makwancinai."

Ya durƙusa. Kowane dutse sai ya juya shi, ya duba gefen da rana ta ci da gefen da gara ta lasa, ya nemi gurbinsa ya zaunar da shi daram. Malamin na biye da zanen da ya yi tun da safe, yana dubawa. Duk sun dace, sai guda ɗaya da Hodi ya ajiye kusa da wasu biyu.

"Wanga bakin ƙohwa yake," in ji malamin.

"Can munka ishe shi, amma ba can matar gidan ta aje shi ba. Dubi baƙin hayaƙi. Ka taɓa ganin murhu da dutse biyu? Tona nan ka gani."

Malamin ya kankare ƙasar tsakanin duwatsun uku a hankali. Sai ga toka, cikinta wasu ƙwayoyi ƙonannu. Hodi ya ɗora ɗaya a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Shinkahwa ta," ya ce. "Irin tamu ta hwadama."

Malamin ya rufe littafinsa ya ce kowa ya zauna, gobe da safe Hodi ne zai nuna inda za a fara.

Da gari ya waye Hodi ya iso bakin ɗakin da ba bango ba rufi. Ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama, sannan ya shiga.