Zoben Roba a Garejin Clive

"Ba ta nan ba, direban bas. Nan gefen salansa ne, bututun hayaƙi. So kake ka gasa mini 'ya?"

Lionel yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, takalmansa kaɗai ake gani. Clive kuwa yana kan kujerar lambu a bakin gareji, bargo a cinya, siririn tiyon iskar numfashi a hanci. Daga bakin ƙofar nan ba ya ƙara ko taku ɗaya da tukunyar iskar, don ita da fetur ba sa ga maciji da juna.

"Ta nan ya fi kusa," in ji Lionel.

"Kusa da maƙabarta, ƙwarai. Bi ta hagu."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka sauke sassan motar a akwatuna a ƙofar gidan Clive, a layinsu na bayan garin Barnsley. Shi ya haɗa abarsa noti bayan noti, bai taɓa barin kowa ya riƙe masa ko sifana ba. Saura tiyon mai daga tanki zuwa inji, sai huhunsa da ƙurar ramin kwal ta daɗe tana ci ya ce ya gaji. Motar kuwa tuni ya ce ta Gillian ce, 'yarsa tilo, kuma ba zai bar mata abin da zai kama da wuta tana ciki ba. Dole ta sa ya ari hannuwan maƙwabcinsa Lionel, tsohon direban bas mai ciwon gwiwa, ya bar wa kansa baki. Bakin kuwa bai gaji ba.

Dokarsa biyu ce. Kowane taƙi a kafa maɗauri, kada tiyo ya yi lilo. Duk inda ya ratsa huda a jikin ƙarfe kuma a sa masa zoben roba.

"Ƙarfe ɓera ne, ba ya sauri," in ji shi. "Shekara biyu yana gurzar tiyo, rana ɗaya ya huda."

A huda ta ƙarshe, bayan kujerar direba, zoben ya suɓuce wa Lionel ya gangara wani wuri cikin duhu. Ya lalluba, bai ji shi ba. Gwiwarsa tana zogi, ga Doreen matar Clive tana kiran shayi ya yi sanyi. Sai ya zura tiyon haka nan, a kan gobe zai gyara.

"Ka sa zoben?"

"Na sa."

Clive ya dube shi ta saman tabarau.

Goben ta zo da ganin likitan gwiwa, jibi kuma aka wuni ana ruwa. Ranar Juma'a da safe Lionel ya fito ɗaukar kwalbar madara, ya ga labulen gidan Clive duka a sake, sama da ƙasa, yadda ake yi a layin in an yi rasuwa. Ya tsaya da kwalbar a hannu. Bai ji komai ba sai sanyin dakali a tafin ƙafa. Ya koma ciki ya sa takalmi, ya ɗaure igiyar sau biyu.

A gidan Clive, Doreen ta riga ta ɗora buta. Ta fito da kofi uku, ta tsaya, ta mayar da ɗaya.

"Da asuba ne," ta ce. "Bai wahala ba. Sukari biyu, ko?"

"Biyu."

"Jiya da rana na neme shi na rasa. Sai ga tukunyar iskarsa a bakin gareji, shi kuma yana zaune a ƙasa jikin taya, leɓensa ya yi shuɗi. Ka san taurin kansa, ba zai shiga da ita ba. Na ce, kai tsohon nan, me ka shiga yi ƙarƙashin mota? Wai wani ɗan abu ya duba. Daga nan bai ƙara tashi ba." Ta juya cokali. "Da na zo wanke masa hannu, duk yatsunsa alli ne."

Lionel ya sha shayin har ƙasan kofi. Ya ci biskit ɗin da ta ajiye masa, don bai san yadda zai ƙi ba.

"Gillian tana hanya," in ji Doreen. "Ta ce da motar za ta bi bayan gawarsa ranar Laraba. Kun gama ta, ai?"

"Saura kaɗan."

Garejin yana nan yadda yake, kujerar lambu a bakin ƙofa, bargo a naɗe. Lionel ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara, ya shige da tocila a baki. A huda ta ƙarshe an zagaye wurin da farin alli, layin a karkace. Zoben roba yana rataye a jikin tiyon da ɗan zare. Clive ne ya nemo shi, amma ƙarfin zare tiyon ya gagare shi. A gefe, da manyan baƙaƙe, an rubuta: DIREBAN BAS.

Ya daɗe a kwance yana kallon rubutun. Kunya ce ta fara zuwa, baƙin ciki bai iso ba tukuna. Sannan ya kwance maɗaurai huɗu, ya zare tiyon, ya danna zoben har ya zauna daram, ya mayar da komai. Ya bi tiyon da yatsa tun daga tanki har inji, yana ƙirga taƙi.

Da yamma Gillian ta iso, rigar aikinta ma ba ta cire ba. Lionel ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar, yadda Clive yake yi, don ko ɗigo ɗaya ne a gani. Ta zauna ta murza makulli. A karo na uku injin ya kama, gareji ya ɗauki rugugi.

"Kawu Lionel, ba abin da zai same ni a cikinta, ko?"

Ya buɗe baki zai ce babu, sai ya rufe.

"Bar ta tana aiki. Bari in duba."

Ya sake durƙusawa. Kwalin a bushe yake ƙayau. Sama da shi injin yana girgiza ƙarfe, garin alli yana zubowa kaɗan-kaɗan a kan farin kwalin.