Kyamarar Da Ta Mutu Kafin Ta Faɗi

Kai ma kana cikin waɗanda suka wuce ta gabanta. Ka ga kyamara mai tsada a kan benci a bakin titi, ka ga mai ita ta juya baya tana kallon bango kamar ɗalibar da aka yi wa horo, sai ka kawar da kai ka ci gaba da danna waya. To zauna ka ji abin da ka ƙi tambaya.

Mai Hoto ake ce mata a layin. Shagonta ɗaki ɗaya ne tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa, da shuɗin labule na ɗaukar fasfo da kujerar roba mai ɗingishi. Shekara huɗu tana tara kuɗi kafin ta sayi kyamarar. Ranar da ta saya, mai kantin ya haɗa mata da ƙarin garanti na shekara uku, wanda zai gyara duk abin da ya lalace daga ciki. Kawunta, tsohon magatakardan kotu, ya ce wannan bai isa ba. Ya ja ta ta yi inshora, mai biyan faɗuwa da ruwa da gobara da sata. Ta haɗa takardun biyu a jaka ɗaya, ta koma barci har da minshari.

Ran Litinin ta je wata makaranta gwada haske, domin ran Asabar za ta ɗauki hoton yaye ɗalibai, aikin da shi ke riƙe shagon duk shekara. Ta saita shugaban makarantar, ta danna. Gilashin kyamarar ya yi baƙi ƙirin. Hannunta ya saki, kyamarar ta sauka a kan siminti.

A ofishin garanti, injiniya ya juya ta da yatsa biyu kamar mai taɓa tsumma.

"Hajiya, wannan lotsawar fa?"

"Bayan ta mutu ta same ta. Ciwon ciki ne ya kashe ta, shi kuwa naku ne."

"Sharaɗi na tara ya ce ba ma karɓar mai rauni a jiki. Da kin kawo ta tana tsakanin hannunki da ƙasa, da yanzu mun gama magana. Ki je inshora."

A ofishin inshora aka ba ta fom. Nan ta yi kuskuren da mai hoto kaɗai zai yi. Sana'arta ta koya mata cewa abin da ya faru a ƙiftawar ido shi ne komai, don haka ta rubuta labarin a jere: ta danna, ta mutu, sannan ta faɗi. Matar da ke kan tebur ta karanta, ta cire tabarau.

"Anti, da hannunki kika rubuta wannan?"

"Ai haka aka yi."

"To abin da ya faɗi ba kyamara ba ce, gawar kyamara ce. Mu kuwa mai rai muka yi wa inshora. Sai kin kawo takardar shaidar lokacin mutuwa daga garanti."

Ta koma garanti. Injiniya ya ce ba zai iya sanin lokacin mutuwa ba sai ya buɗe ta, ba zai buɗe ta ba kuma sai inshora sun rubuto cewa ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sai ta tuna akwai shaida. Ta zare katin kyamarar, ta wanko hoton ƙarshe. Rabin sama ga hular shugaban makaranta da girarsa, tas. Daga hanci zuwa ƙasa duhu ne. Injiniya ya ɗora yatsa a kan hular ya ce, "Ga shi nan, da ranta." Matar inshora ta ɗora nata a kan duhun ta ce, "Ina bakinsa? Ta riga ta cika." Kowannensu ya yi kwafin rabin da ya yi masa, ya sa a fayil.

Ran Laraba ta kai wa Kawu takardun. Ya baza su a kan tabarma yana bin layi da murfin biro, har ya tsaya a shafi na huɗu.

"'Yar nan, ga ƙofa. A wajen sata ba su ce sai mai rai ba. Kuma sun ce cikin kwana biyu za su ba da wata."

"Kawu, ƙarya kake so in yi?"

"Wa ya kawo zancen ƙarya? Ki ajiye ta a waje, ki juya baya. Sauran aikin na jama'a ne."

Ranar Alhamis ke nan da ka gan ta. Minti biyar da ajiyewa, mai gyaran fanka ya shigo da kyamarar a rungume yana yi mata faɗa kan sakaci. Ta yi godiya, ta jira ya shige, ta mayar. Sai wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da kyamarar, ta yi gadinta awa guda cur tana korar duk wanda ya matso, da za ta tafi kuma ta ce ladan ya ishe ta. Garin da ake sace takalmi a ƙofar asibiti, ranar kowa ya zama waliyyi.

Da la'asar Allah ya kawo Sanɗa, ɓarawon da duk layin ya san shi har ana gaisawa. Ta hango shi ta madubin shago. Ta rufe ido tana addu'ar kada wani ya gan shi. Da ta buɗe, benci fayau.

Ta ba shi awa guda ya yi nisa, tana cikin neman mayafi za ta tafi caji ofis, sai ga sallama. Sanɗa ne, ransa a ɓace, ya dire kyamarar a kan kujerar roba.

"Anti, ba ki kyauta ba. Ni ma fa mai iyali ne. Wuri uku na kai ta ana yi min dariya."

"Don Allah ka riƙe ta. Ko zuwa jibi ne."

"In riƙe gawa a ɗakina? Ba ta da garanti ne?"

"Tana da shi."

"Inshora fa?"

"Har da ita."

Ya dube ta da tausayi na gaske. "To ki kai musu mana, Anti. Ki daina wahalar da talaka."

Ran Asabar surukin shugaban makaranta ne ya ɗauki hoton yaye ɗalibai da wayarsa. Rabin yaran sun fito ido rufe, amma makarantar ta ce ya yi ƙoƙari, ta bar masa aikin har na baɗi. Kafin wata ya ƙare Mai Hoto ta sauke shuɗin labulen, mai katifa ya fasa bango ya faɗaɗa shagonsa. Tana cikin ɗaure kaya saƙo biyu suka shigo wayarta a jere. Garanti na tuna mata ta sabunta. Inshora na taya ta murnar cika shekara uku ba tare da an biya ta komai ba.

Kada ka girgiza kai ka ce Allah ya kyauta. Kai ma akwai irin takardun nan a gidanka, na waya ko na firiji ko na keken ɗinki, ba ka taɓa wuce shafin farko ba. Tashi ka ɗauko su yau. Gobe ka tsaya a gaban wanda ya sayar maka, ka tambaye shi wa zai biya idan abin ya mutu sannan ya faɗi, kuma kada ka bar kantin sai ya rubuta amsar ya sa hannu.